Tsoho Mai Jar Hula

Mijina Elroy Zastrow mutum ne mai baki. Ba mugu ba ne, duk wanda ya zauna da shi a gundumar Marathon, nan jihar Wisconsin ta Amurka, zai shaida, sai dai bakinsa kan riga hankalinsa fita ƙofa. Shekara arba'in da wani abu muna tare, na saba bin bayansa ina share abin da ya zubar. Sau ɗaya ne ya yi ɓarin da sai da muka ƙetare teku kafin mu kwashe.

Saiwar wani tsiron magani da ake kira jinsen muke nomawa, kamar yadda ubansa ya noma. Shuka ce mai wahalar sha'ani. Ba ta son rana, sai an kafa mata rumfa gona guda. Ba ta son sanyi ya taɓa ta kai tsaye, sai an lulluɓe ta da busasshiyar ciyawa. Sai ta shekara huɗu a ƙasa kafin a tone ta, kuma ƙasar da ta taɓa ɗaukarta ba ta sake ɗauka, sai dai a nemi wata. Ga shi duk faɗin Wisconsin da wuya ka samu mai sa ta a baki. Elroy kansa cewa yake ɗanɗanonta kamar ka tauna igiyar takalmin da ta kwana a taɓo. Caina ake kai ta. Can ne tsofaffi ke dafa ta a romo su sha don ƙarfin jiki, ko su kai wa surukai a kwali mai ado.

Mai sayen tamu wani ɗan kasuwa ne daga birnin Guangzhou na Caina, sunansa Tam Kai-ming. Kowace kaka, idan ganyen itatuwa ya yi ja, sai ga shi a motar haya, ɗan siriri cikin rigar sanyin da ta yi masa yawa. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, Elroy kuwa ko gaisuwa bai iya da harshensu ba, amma haka suka yi ciniki fiye da shekara ashirin. Tam zai zura hannu can ƙasan ganga ya zaro saiwa, ya karya, ya shinshina, ya gatsa, sannan ya yamutsa fuska kamar wanda aka yi wa rasuwa. Elroy ya hau sama.

"Marlys! Zo ki ga fuskar da ɓarawon nan yake yi wa saiwata!"

Tam ya girgiza kai ya ce, "Tsada, tsada."

Su yini a haka a rumbu, da yamma su shigo kicin su cinye min tukunyar naman barewa, kowa na ganin shi ya yi wa ɗan'uwansa wayo. Daga baya 'yarsa Siu-lan ta fara rako shi tana tafinta. Mu Lan muke ce mata, ita kuma ta ce mana Kawu da Gwaggo. Elroy ya ce tun da ta fara zuwa cinikin ya rage armashi, don yanzu yana jin abin da Tam ke faɗa a kansa.

Wata shekara Tam ya ɗauki Elroy hoto a bakin gona, sanye da jar hular farautarsa mai kunnuwa, riƙe da wata ƙatuwar saiwa yana washe baki. Da hannu ya nemi izini, Elroy ya ce, "Ɗauka mana, ka kai wa matarka ta ga namiji." Muka manta da zancen.

Sai gwamnatocin biyu suka saɓa. Tamu ta ɗora haraji a kan kayansu, tasu ta rama a kan namu, tamu ta ƙara, tasu ta ƙara, kuma saiwarmu na cikin abin da aka ɗora wa. Kakar nan Tam bai zo ba. Lan ce ta bugo waya ta ce Baba yana ba da haƙuri, ko rabin abin da ya saba ɗauka ba zai iya ba, don in aka haɗa da haraji, kwali ɗaya ya fi ƙarfin tsofaffin da ke saye. Shekarar da ta biyo ma haka. Ganguna suka taru a rumbu har Elroy ya fitar da tarakta ya bar ta a waje dusar ƙanƙara na zuba mata. Ɗanmu ɗaya tilo ya gaji da jira, ya kwashi iyalinsa ya koma Milwaukee tuƙin babbar mota. Ranar da suka tafi Elroy ya yini a rumbu. Daga ranar dai ya daina cin abincin rana.

Wata Juma'a muna gidan abincin garinmu, inda kowa ke zuwa cin soyayyen kifi, sai ga wata yarinya daga gidan talabijin da mai ɗaukar hoto a bayanta, suna neman manomin da zai yi magana. Maƙwabcinmu Duane Kufahl, wanda suka tashi tare da Elroy tun suna yara, ya ɗaga murya.

"Ga sarkin magana nan a zaune! Elroy, tashi ka faɗa musu!"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya janye ƙafar, ya gyara zaman jar hularsa.

"'Yan Caina?" ya ce. "Su riƙe kuɗinsu. Shekara da shekaru ni ke riƙe da tsofaffinsu. Ba don saiwata ba, ko matakalar bene ba za su iya hawa ba. In ba sa so, su je su tauna ciyawa kamar awaki. Mu ba ma bukatarsu."

Wuri ya kaure da tafi. Duane ya saya masa giya. A mota na ce, "To, ka huce?"

"Gaskiya na faɗa."

"Gaskiyarka tana can ta cika rumbu," na ce.

Kwana da kwanaki yana yawo a gari kamar zakara, har a coci ana dafa masa kafaɗa.

Wata safiya ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Lan ce, kiran bidiyo. Ba ta ja gaisuwa ba.

"Gwaggo, Kawu na kusa? Ina so ya ga wani abu."

Na kira shi, ya shigo yana goge hannu da tsumma. Lan ta juya wayar tana zagayawa da ita a hankali. Ɗan shago ne mai tsawo, kantoci tun daga ƙasa har rufi, cike da jajayen kwalaye. A jikin kowane kwali ga mijina, da hularsa, da haƙoransa, da saiwa a hannu. Ɗari bisa ɗari na Elroy suna yi mana murmushi.

"Tsoho Mai Jar Hula," in ji Lan. "Haka ake kiran shagonmu. A kasuwar nan ba kowa ya san sunan Baba ba. Mai saye in ya shigo, cewa yake a ba shi ta mai jar hula."

Ashe wani ya fassara maganar Elroy, ya rubuta ta a ƙasan hoton bidiyon da 'yan talabijin suka ɗauka, ta zaga wayoyin mutane. Ba su sha wahalar gane fuskar ba. Wasu sun dawo da kwalayen da suka saya. Wani ya watsa wa allon shagon, mai ɗauke da hoton Elroy, tawada. Wata mata kuma ta zo da sassafe ta ajiye damin ciyawa a bakin ƙofa, ta yi tafiyarta. Yanzu Tam ya rufe allon da ƙyalle.

Elroy ya yi tsaye, tsumma a hannu. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Wa ya ba shi izinin manna fuskata a kwali?"

"Kai ne, Kawu. Ka ce ya kai wa Mama ta ga namiji."

"Ba ni shi mu yi magana."

"Ba zai karɓa ba. Yana nan zaune, yana jin ka."

A gefen hoton na hango gwiwar Tam da hannunsa ɗaya a kanta. Hannun bai motsa ba. Lan ta ce sai an jima, ta kashe.

Kwanakin da suka biyo baya Elroy ya yi ta kewaya gida yana ƙunƙuni. Wai shi da gwamnatinsu yake, ba da Tam ba. Wai an murɗa masa magana. Na ce ina wurin, ba wanda ya murɗa, yadda ta fito haka aka kwashe ta. Ya je kantin kayan gyara neman wani ƙarfe na injin tonon saiwa, ya dawo yana bambami an kusa ninka kuɗinsa.

"Daga ina ake kawo shi?" na tambaya.

Ya juya zai fita, na bi shi da magana.

"Wai ba ka bukatarsu. To, cire na'urar ƙara ji da ke kunnenka ka duba inda aka yi ta. Ka kwance baƙin yadin rumfunanka ka mayar musu. Wandon ma da ke jikinka, in ka ce za ka yi zuciya, tsirara za ka tafi coci."

"Marlys, ki ƙyale ni."

"Ba zan ƙyale ka ba. Mutumin nan ya ci abinci a teburina. Shekarar da aka yi maka aikin gwiwa, wa ya karɓi saiwa ba a tantance ba, bai ce komai ba? Ka kira kakanninsa awaki a gaban duniya."

Ya fita zuwa rumbu. Da na leƙa daga baya na same shi zaune a kan ganga, hular a hannunsa yana juya ta. Ban shiga ba. Na koma ciki na kira ɗanmu, na ce ya nemo mana tikitin jirgi biyu. Da na faɗa wa Elroy, ya ce, "In na je me zan ce?" Na ce ai bai taɓa rasa abin faɗa ba.

Mu da ba mu taɓa wuce Kanada ba, sai ga mu a Guangzhou, zafi kamar an kifa mana tukunya. Lan ta tarbe mu ta kai mu masauki, washegari ta raka mu kasuwar magunguna. Lungu ne bayan lungu, buhunan busassun abubuwa a kowace ƙofa, wari mai ɗaci da zaƙi a haɗe. Elroy na tafe yana gumi, hularsa a aljihu. Tun kafin mu isa na ga mutane na tsayawa suna nuna shi da baki.

Tam yana bayan kanta. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ni ya gaisar da hannu biyu, ya ja min kujera, ya zuba min shayi. Elroy kuwa ya bar shi a tsaye.

"Tam," in ji Elroy, "na zo in ba ka haƙuri."

Lan ta fassara. Tam ya yi wata gajeriyar magana yana goge ma'auni.

"Baba ya ce shi ya san bakinka tun ba yau ba, ka sha kiransa ɓarawo bai damu ba. Ya ce ba shi ka zaga ba."

"To wa zan ba haƙurin?"

Tam ya zagayo, ya ɗauko wata 'yar kujerar roba irin ta yara, ya ajiye ta a bakin ƙofa daidai ƙarƙashin allon da ke rufe. Ya nuna aljihun Elroy, ya nuna masa kai, alamar ya sa hular. Elroy ya dube ni. Na ce, "Sa hularka, maigida."

Haka mijina, ƙato mai ciwon gwiwa, ya zauna a 'yar kujerar nan da hular sanyi a tsakiyar zafi. Kafin a jima ƙofar ta cika. Samari na ɗaukarsa hoto suna dariya. Wani ya yi kukan akuya, aka fashe. Wani mai rigar ofis ya tsaya ya yi masa dogon jawabi da yatsa, ya wuce. Elroy ya yi ja har wuya, amma bai tashi ba, kuma a karon farko tun da na san shi bai mayar da magana ba. Duk wanda ya tsaya sai ya cire hular ya ce, "Na yi kuskure," Lan ta faɗa da harshensu.

A rana ta biyu, wajen hantsi, wata 'yar tsohuwa ta ratso taron da jakar cefane. Ba ta kai kafaɗata ba. Lan ta raɗa min, "Iya Fok ce, ita ta ajiye ciyawar." Tsohuwar ta tsaya a gaban Elroy, shi a zaune ita a tsaye tsawonsu ɗaya, ta fara. Ta yi ta yi, tana nuna shi, tana nuna sama, tana buga ƙirji. Da ta tsaya shan iska Elroy ya dubi Lan.

"Me ta ce?"

"Ta ce sannu da zuwa."

"Lan, ni kurma ne, ba wawa ba. Duk wannan sannu da zuwa ne? Faɗa min yadda ta faɗa."

Lan ta dubi babanta, ya gyaɗa kai. Ta ce, "Ta ce kai tsohon banza ne mai bakin kwado. Ta ce mijinta ya shekara tara yana jinya, kowane mako tana yi masa romo da saiwarka, tana rage kuɗin cefanenta don ta saya. Ta ce kwalin na kan teburin gadonsa, har yana gaishe ka da safe don wasa, yana ce maka abokina. Ya rasu bara. Ta ce gara da ya rasu bai ji abokinsa ya kira shi akuya ba."

Elroy ya cire hular, ya ɗora ta a gwiwa.

"Ki ce mata," ya fara, ya tsaya. "Ki ce mata ba ita nake nufi ba. A'a, kar ki ce haka, ƙarya ce, ban san wa nake nufi ba. Ki ce mata rumbuna cike yake da saiwar da na yi wa bauta shekara huɗu, ba mai saye. Ɗana ya tafi da jikokina, ba zai dawo gona ba. Ubana ya bar min ita, ni kuma a hannuna za ta mutu. Tsoro nake ji, Lan. Aka sa min abin magana a baki, na ji kunyar in ce tsoro nake ji a gaban su Duane, sai na faɗi wancan."

Ban taɓa jin wannan daga bakinsa ba, ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi.

Iya Fok ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba ta saki ba. Ta yi tsaki, ta amsa.

"Ta ce to da ka ce tsoro kake ji, wa zai kashe ka? Ta ce kana tsammanin kai kaɗai ne? Ɗanta a masana'antar kekunan yara yake a Dongguan, duk Amurka ake kai su. An rage aiki, an sallame shi, yanzu yana kwance a falonta yana cinye mata shinkafa. Ta ce amma ita ba ta shiga talabijin ta ce Amurkawa aladu ba ne."

"A gida take faɗa," in ji Tam daga bayan kanta, Lan ta fassara tana danne dariya. Iya Fok ta juya ta yi masa nasa kashin.

Elroy ya ce, "Jikata tana da keke, ja ne mai kwando a gaba."

"Ta ce in ya lalace ba ɗanta ne ya haɗa shi ba."

Ta ɗauki jakarta ta tafi, ba sallama. Na ɗauka shi ke nan. Bayan azahar sai ga ta da kwanon sha mai murfi, naɗe a tawul. Romon kaza ne da saiwa, yana tururi. Ta miƙa wa Elroy, ta riƙe ƙugu tana jira. Lan ta ce ta ji labarin wai bai taɓa sha ba, kuma a ganinta wannan ya fi zagin ciwo. Elroy ya kurɓa, fuskarsa ta tattare. Ya sake kurɓa.

"Yaya?" na ce.

"Igiyar takalmin dai ce," ya ce a hankali, "amma an sa mata kaza. Lan, kar ki fassara."

Ya shanye tas, har da ɗaga kwanon. Wani saurayi ya ɗauki wannan ma a waya.

Ba zan ce kasuwa ta yafe masa ba. Kwanakin da muka yi, wasu sun tsaya sun yi musabaha, wasu sun tofar da yawu sun wuce. Hoton shan romon ya zaga, amma bai kai na farkon nisa ba, kamar yadda aka saba. Tam dai ya sa tsani ya cire ƙyallen da kansa, Elroy ya riƙe masa tsanin. Tawadar ba ta fita duka ba, ta bar wa mijina baƙin tabo a kunne.

Ana gobe za mu tafi Tam ya kai mu gidan shayi da safe. Aka cika tebur da ƙananan kwanduna masu tururi. Ya sa wa Elroy ƙafar kaza a faranti, ya ce wannan ma daga ƙasarku take zuwa, ku kuna zubarwa mu muna saye. Sai da aka ci aka ƙoshi ya ajiye tsinkayen cin abincinsa.

"Baba ya ce ya gwada saiwar Kanada, ya gwada wadda ake nomawa a arewacin ƙasarmu. Yara ba sa bambancewa. Tsofaffi kuwa suna gatsawa su ajiye. Ya ce tambaya ɗaya gare shi. Za ka shuka bana?"

"In shuka wa wa? Wadda ke rumbu ma ba ka ɗauka ba."

"Ya ce in ba ka shuka bana ba, nan da shekara huɗu kwalayensa ba abin da za a sa a ciki. Sai dai ya zuba ta wani ya bar fuskarka a kai, shi kuma ba zai yi ba."

"Ni kuma in na karɓi hayar sabuwar ƙasa, na kafa rumfa, na shuka, shekara huɗu ta cika ka ce haraji, ina zan sa kaina? Ka yi min alkawari za ka saya."

Tam ya girgiza kai tun kafin Lan ta gama.

"Ya ce ba zai iya ba. Bai san abin da manya za su tashi da shi gobe ba. Ya ce kai ka yi masa alkawarin gwamnatinku ba za ta ƙara ba."

"Ni wa? Ko shugaban kwamitin cocinmu ba ya jin maganata."

Suka zauna suna kallon juna, tsofaffi biyu, shayi na hucewa. Can Tam ya ɗauki ɗan burodin nama guda daga kwando, ya raba shi biyu, ya ɗaga rabi.

"Rabi," ya ce da Turanci.

"Rabin gona?" in ji Elroy.

"Rabi kai. Rabi ni."

Lan ta yi bayani. Elroy ya shuka rabin abin da ya saba. Kuɗin hayar ƙasa da na iri su raba. In shekara huɗu ta yi kyau, su ci tare, in ta ɓaci, su sha tare. Na zuba ido in ga Elroy ya hau sama. Ya hau kuwa, amma a kan wa zai biya kuɗin ciyawa. Suka yi ta yi har mai gidan shayin ya fara kwashe kwanuka, Tam na cewa tsada, Elroy na kirana in zo in ga ɓarawo, ni kuwa ina gefensa a zaune.

Da muka dawo gida labari ya riga mu. A gidan abinci aka laƙaba masa Ɗan Caina, wani ya ajiye masa tsinkayen cin abinci maimakon cokali. Duane ya yi wata biyu ba ya ɗaga masa hannu a hanya. Daga baya ya shigo rumbu wata rana, ya yi ta zancen ruwan sama da farautar bana, da zai fita ya tsaya a ƙofa ya tambaya ko mutumin Elroy zai iya duba 'yan gangunansa shi ma. Elroy ya ce zai tambaya. Tam bai iya ɗauka ba, namu ma kaɗan-kaɗan yake janyewa, a farashin da ba na son tunawa. Duane ya sayar da nasa da asara, ya koma noman masara. Gidaje da yawa a gundumarmu haka suka yi.

Mu dai mun shuka rabin, a wata ƙasa da muka karɓa haya bayan rafi. Ɗanmu bai dawo ba, sai dai yakan zo ƙarshen mako ya taya mu ja yadin rumfa. Harajin wata rana a ce an sassauta, wata rana a ce an mayar, na daina bin labarai. Saiwar tana ƙasa yanzu, shekararta biyu, ba wanda ya san kasuwar da za ta tarar.

Abin da ya ƙaru mana shi ne Tam ya sa Lan ta saka masa hasashen yanayin garinmu a wayarsa. Yanzu ya fi mu sanin abin da sararin Marathon ke shiryawa. Ran nan da sassafe, farkon bazararmu ta nan, lokacin da sanyi kan dawo ba zato, ko kofi ban ɗora ba sai ga kiransa, ba tafinta, fuskarsa ta cika wayar.

"Elroy! Sanyi! Jibi, sanyi! Ciyawa!"

"Na gani!" Elroy ya daka masa tsawa. "Tun kana goyo nake noman nan, za ka koya min?"

Ya kashe wayar yana mita wai an sa masa mai gadi daga wancan gefen duniya. Ya sha kofinsa a tsaye, ya ce in kira ɗanmu in ji ko yana da sarari, sannan ya fita ɗaura wa tarakta keken ciyawa.